Madubin saiti na magariba: tambayoyin masu kiwo a ƙasar koyoti

Tun da na fara kiwon awaki da tumaki a yammacin Teksas, 'yan'uwanmu da suka shigo harkar dabbobi a Amurka suke aiko mini da tambayoyi, kuma da yawansu kan abu ɗaya ne: wane madubin saiti za a ɗora wa bindiga don a tsare garke daga koyoti idan haske ya yi ƙaranci. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya. Abin da nake kira madubin saiti shi ne wannan bututu mai gilasai da ake ɗaurawa a bayan bindiga, wanda ke jawo abu na nesa ya kawo shi kusa.

Malam, mene ne koyoti, kuma me ya sa sai da duhu ake maganarsa?

Wanda ya san dila ya san rabin koyoti. Dangin kare ne, ya fi dila girma, bai kai kyarkeci ba. Nauyinsa yawanci tsakanin kilo 10 da 20 ne, na gabashin Amurka sun fi na yamma jiki. Babu jihar da babu shi sai Hawai. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa cikin namun dajin da ke kashe tumaki da 'ya'yansu, shi ne kan gaba.

Yana kama tunkiya ko akuya ne a maƙogwaro, ya riƙe har numfashi ya ɗauke. Idan ka tarar da mushe da ramukan haƙora a ƙarƙashin muƙamuƙi, an buɗe ciki an cinye hanta da kayan ciki, to aikinsa ne. Karen gida ba ya yin haka. Shi yana yayyaga dabba ta ko'ina, ya raunata da yawa, ya bar su.

Inda ake farautarsa ya koyi guje wa rana. Lokacinsa shi ne daga almuru zuwa bayan isha, sai kuma jijjifi, kafin gari ya gama wayewa. A waɗannan lokuta ido yana ganin inuwar abu amma ba ya tantance shi, kuma a nan ne madubi mai araha yake mutuwa a hannunka.

Lambobin da ke jikin madubi, kamar 3-9x40, me suke nufi?

Na farko ninki ne: wannan madubi yana jawo hoto daga ninki 3 zuwa ninki 9. Na ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ne da milimita. Ta gilashin gaba haske ke shiga, saboda haka idan ya fi faɗi ya fi ɗibar haske. Amma ba a nan lissafin ya tsaya ba, kuma tambaya ta gaba ita ce ta fi kowacce muhimmanci a wannan shafi.

To ba sai in sayi mai ninki mafi yawa in huta ba?

A nan ne mafi yawan kuɗi ke zubewa. Ɗauki madubi ka nuna shi ga sararin sama, ka riƙe shi nesa da fuska gwargwadon tsawon hannu, ka dubi gilashin baya. Za ka ga ɗan da'irar haske a tsakiya. Wannan ɗigo shi ne duk hasken da madubin zai iya zuba maka a ido. Murɗa ninkin sama, za ka gan shi yana ƙanƙancewa a gabanka.

Lissafinsa mai sauƙi ne: raba faɗin gilashin gaba da ninki. Madubin 3-9x40 a ninki 9 yana ba da ɗigo mai milimita 4.4, a ninki 6 kuwa 6.7. Wanda aka rubuta wa 6-24x50, wanda samari ke rububinsa saboda tsawo da kwarjini, idan ka kai shi 24 ɗigon bai wuce milimita 2 da ɗan kaɗan ba. Da rana tsaka wannan ba matsala ba ce, don ƙofar idonka, wato ɗan baƙin nan na tsakiya, ta tsuke zuwa milimita 2 ko 3. Da magariba ƙofar tana buɗewa tana neman haske, har milimita 7 a idon matashi, kusan 5 a idon wanda ya haura hamsin. Idan ɗigon madubi bai cika ƙofar ido ba, hoton zai yi maka duhu fiye da yadda idonka tsirara yake gani.

Maharban Jamus, waɗanda ke zaman jiran aladen daji a farin wata, sun daɗe da gano wannan. Madubinsu na gargajiya shi ne 8x56: raba 56 da 8, ka sami 7 cif. Ba su zaɓi lambar da ka ba.

Akwai wani ɓangaren da ya kamata in faɗa don gaskiya. Ƙarin ninki yana ƙara bayyana siffar abu ko da hoton ya ɗan dushe, saboda haka ba cewa nake yi ka manne a ninki 3 ba. Abin da nake yi shi ne in zauna da madubi a 4, in ga motsi, in murɗa a hankali zuwa 6 ko 7, in tsaya daidai inda hoton ya fara mutuwa. Sama da haka ba na ƙaruwa da komai.

Sannan ga maganar faɗin fili. A ninki 3 kana ganin fili mai faɗin kusan mita 10 ko fiye a nisan yadi 100. A ninki 18 abin da kake gani bai fi bakin ƙofar ɗaki biyu ba. Koyoti ba ya tsayawa ya jira ka. Idan yana sassarfa a gefen shinge kuma kana neman sa ta ramin allura, kafin ka same shi ya shige ƙaya. Mafi muni, ba za ka ga akuyar da ke shirin gittawa ta bayansa ba.

Wane girma za ka ba ni shawara in saya?

Wanda ƙasansa ya fara daga 2 ko 3, samansa ya tsaya a 10 ko 12, gilashin gaba 50. Irin su 2.5-10x50 ko 3-12x50. Idan kana da 3-9x40 mai gilashi nagari, kada ka yar da shi. A ninki 6 yana yin aiki.

Mai 56 yana da amfani ga wanda ke zaune wuri ɗaya da bindiga a kan sanda. Amma yana da nauyi, kuma dole a ɗaga shi sama a kan zobba masu tsawo, wato ƙarafan da ke riƙe shi a jikin bindiga, don kada bakinsa ya taɓa hancin bindiga. Da an ɗaga shi, kuncinka ya bar gindin bindiga, kai yana lilo a iska, saiti ya lalace. Kuma idan shekarunka sun ja, ƙofar idonka ba za ta iya karɓar duk hasken da ka biya kuɗinsa ba. Dattijo mai shekara 60 da madubi mai 50 a ninki 8 ya riga ya sami fiye da abin da idonsa zai ɗauka.

An ce mini bututu mai milimita 30 ya fi na inci ɗaya haske. Haka ne?

Ba haka ba ne. Kaurin bututu yana ba ka ƙarin filin murɗa saiti sama da ƙasa, abin da masu harbin nesa sosai ke buƙata. Hasken kuwa daga gilashin gaba da ingancin gilasai yake zuwa. Kada wannan ya sa ka ƙara ko sisi.

Me ya sa madubai biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi sau biyar?

Saboda gilashi da shafen da aka yi masa. Duk lokacin da haske ya ratsa fuskar gilashin da ba a shafa ba, kusan kashi 4 cikin 100 yana komawa baya. A cikin madubi mai sauya ninki akwai gilasai da yawa. Ka ce takwas ne: fuska 16 ke nan, kuma kafin haske ya fito ta baya kusan rabinsa ya salwanta. Wanda ya salwanta ɗin ma ba ɓacewa yake yi ba, yana yawo ne a cikin bututu ya zama hazo a kan hoto. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, yana aiki a kamfanin Zeiss, ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke hana wannan. Yau ana shafa shi hawa-hawa, har asarar kowace fuska ta sauko ƙasa da rabin kashi ɗaya. Madubai masu kyau suna isar da sama da kashi 90 na hasken da ya shiga.

Ka nemi wanda aka rubuta cewa duk fuskokin gilasansa an yi musu shafe mai hawa da yawa. Amma kada ka dogara da lambar da ke jikin kwali, don kowane kamfani da yadda yake aunawa. A cikin shago, ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, kowane madubi sarki ne. Gwaji na gaskiya shi ne ka aro na maƙwabci, ka haɗa da naka, ku fita minti 20 bayan faɗuwar rana, ku dubi gindin wata bishiya mai duhu a yadi 150. Wanda ya ci gaba da raba maka kututture da inuwarsa bayan ɗayan ya koma toka-toka, shi ne naka. Bambancin yakan zama na mintoci ne kawai, amma a cikin mintocin nan ake kashe maka 'yan awaki.

Ni a ganina matsakaicin farashi daga kamfanoni irin su Leupold, Vortex ko Meopta ya wadatar da mai kiwo. Zeiss da Swarovski sun fi, babu musu, amma ƙarin da suke bayarwa ƙarami ne idan aka gwada da ƙarin kuɗin. Gara ka rage ninki ka ƙara ingancin gilashi: madubi mai sauƙin fasali da gilashi nagari ya fi mai kwalliya da maɓallai birjik a farashi ɗaya.

Zaren saiti fa, wato layukan da ake gani a cikin madubi ana ɗora su kan abin harbi? Wanne ya fi, kuma dole ne ya zama mai kunna wuta?

Baƙin zare siriri a kan dabba mai launin toka a gaban daji mai duhu, ɓacewa yake yi ɗungurungum. Sau da yawa za ka ga koyotin sarai amma ka rasa inda zaren yake. Saboda haka ka nemi mai sanduna masu kauri daga gefe waɗanda ke sirancewa a tsakiya, irin wanda Leupold ya fito da shi a 1962 kowa ya kwaikwaya, ko na Jamusawa mai lamba 4, mai kaurara uku, hagu da dama da ƙasa. Waɗannan sanduna suna jan ido zuwa tsakiya ko da tsakiyar ba ta ganuwa. Masu ɗigo-ɗigo da layuka kamar takardar lissafi na masu gasar harbi ne da rana.

Ɗan jan ɗigo mai wuta a tsakiya abu ne mai kyau ƙwarai, da sharaɗi guda: ya zama ana iya rage shi har ya kusa mutuwa. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma wuta mai ƙarfi a cikin madubi tana rushe wannan a take, ta kuma rufe abin da kake kallo da jan hazo. Idan za ka gwada, kada ka tambayi iyakar haskensa, tambayi iyakar dushewarsa. Ka fi son wanda ɗigon tsakiya kaɗai ke kamawa, ba zaren gaba ɗaya ba. Yawancinsu batirin CR2032 suke ci, sanyi kuma yana shanye shi, don haka a ajiye na canji a aljihu. Akwai samfurin AccuPoint na Trijicon da ba ya buƙatar batir, yana amfani da zaren tara haske da kuma sinadarin tiritiyam.

Abu ɗaya kuma: a wasu madubai zaren yana girma da ƙanƙancewa tare da ninki. A ƙaramin ninki, inda za ka fi zama da magariba, irin wannan zare yana komawa kamar gashin gira. Don aikinmu wanda kaurinsa ba ya sauyawa ya fi.

Me zai hana in tsallake duk wannan in sayi mai ganin zafin jiki?

Idan ɓarnar da ake yi maka cikin tsakar dare ce, babu wata, to madubin gilashi ba zai taimake ka ba komai tsadarsa, don shi ba ya ƙirƙirar haske. A nan sai ɗayan uku: fitila mai ja ko kore a ɗaure da bindiga, ko madubin dare na lantarki mai haska jan hasken da ido ba ya gani, ko mai ganin zafin jiki. Na ƙarshen ya fi duka gano dabba. Zai nuna maka farin ɗigo a cikin ciyawa daga nisan da ba ka zata ba. Ana sayar da su bisa yawan ɗigon hoto, 384 ko 640 a faɗi, kuma mai 640 ya fi fitar da siffa, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ba ya gani ta gilashi, saboda haka daga cikin mota sai an sauke taga, kuma daren da iska ta jiƙe da raɓa hoton yana dagulewa.

Amma gano abu daban, sanin ko mene ne daban. A cikin wannan na'ura koyoti da karen maƙwabci da maraƙin da ke kwance da karen tsaron garkenka duk farare ne. Wani mutum da muka taɓa aiki a gandu ɗaya ya harbe ƙaramar karyar tsaro da hannunsa, wadda aka yi wata goma ana renonta cikin awaki, saboda ya ga farin abu yana zagaya garke da ƙarfe biyu na dare. Aikinta take yi. Na ga fuskarsa da safe, kuma har yau ba na son tunawa. A makonnin da suka biyo baya, garken da babu mai kwana da shi ya yi asarar da ta fi ta da.

A wasu wurare kuskuren har kotu yake kai mutum. A Arizona da New Mexico akwai kyarkecin Meksiko, a gabashin North Carolina akwai jan kyarkeci, duka biyun dokar tarayya ta kare su, kuma ƙananansu suna kama da koyoti ko da rana. Shi ya sa nake cewa aikin madubi na farko shi ne ya gaya maka abin da kake kallo. Harbi yana zuwa ne a baya. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ni na fi son ka sayi mai ganin zafi na hannu don leƙe, ka bar madubin gilashi da fitila a kan bindiga. Ta haka ba ka nuna bakin bindiga ga duk abin da ya motsa don kawai ka san ko mene ne, kuma kafin ka taɓa kunama ka ga launi da kunne da wutsiya da idonka. Koyoti yana gudu da wutsiya a ƙasa. Kare yakan ɗaga tasa.

Doka ta yarda a yi harbi da dare?

Kowace jiha da tata. A Teksas ana harbin koyoti da dare a filin mutum da izinin mai fili, kuma ba a neman lasin farauta idan yana kai hari ko ya kai hari kwanan nan kan dabbobi. Kansas ta buɗe lokacin amfani da fitila da na'urorin dare a 2021, da takardar izini ta musamman. Wasu jihohin sun hana gaba ɗaya. Kira jami'in kula da namun daji na gundumarka kafin ka sayi komai, ka kuma sanar da shi daren da za ka fita, don kada maƙwabta su ji harbi su kira 'yan sanda.

Ga 'yan'uwa baƙi akwai abin da ya fi wannan nauyi. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne mallakar lasin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardun zama kuwa an hana shi kwata-kwata. Ko mai gida ne ya miƙa maka bindigar, laifin a wuyanka yake.

Zan iya saya in aika gida don dila da kura?

Kada ka yi. Fitar da madubin bindiga daga Amurka, musamman na dare da mai ganin zafi, sai da lasin gwamnati, kuma sa shi a akwati ba tare da shi ba babban laifi ne. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya riƙe irin wannan bindiga ba sai da lasin.

Na sayi madubin. Yaya zan ɗaura shi in daidaita?

Kada ka yi rowa a zobba. Madubi nagari a kan zobba marasa kirki kamar doki ne da ruɓaɓɓen sirdi. Ka ɗaura shi ƙasa gwargwadon yadda gilashin gaba zai bari, ka ja shi gaba ko baya har ka ga cikakken hoto da ido a tazarar inci 3 zuwa 4, kana sanye da rigar sanyin da za ka fita da ita. Murɗa gilashin baya kana kallon sararin sama har zaren ya fito tsaf. Ka tabbata an cika bututun da iskar naitirojin ko agon, don fitowa daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyin asuba yana sa gumi ya kwanta a cikin wanda ba a rufe da kyau ba, kuma na ciki ba ya gogewa.

Harsasan da aka saba da su a wannan aiki su ne .223 Remington da .22-250 da .243 Winchester. Da .223, idan ka daidaita ya faɗi inci ɗaya da rabi sama da saiti a yadi 100, zai kai ka kusan yadi 200 ba tare da ka ɗaga ko ka sauke ba. Da magariba ni ba na wuce haka. Inda ake so harsashi ya shiga, bayan kafaɗa, bai fi tafin hannu da kaɗan ba, kuma dabbar da aka raunata ta tsere tana wahala ne a banza, mu kuma an hore mu da kyautata ko da kisa ne. Bayan ka daidaita da rana, koma ka harba uku bayan faɗuwar rana daga kan sandar da za ka yi amfani da ita. Ka zaga filinka da rana ka san inda gidaje da hanya da tankin ruwa suke, don da duhu ba za ka ga abin da ke bayan dabba ba.

Na harbe uku a wata guda amma ɓarna ba ta tsaya ba. Madubin ne?

Ba madubin ba ne. Mai yiwuwa ba masu laifin ka samu ba. Binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa mafi yawan kisan tumaki aikin ma'aurata ne masu riƙe da yanki, waɗanda iyakarsu ta haɗa da makiyaya. Su ne suka fi wayo, ba sa amsa usur ɗin da maharba ke busawa don jawo su da sauƙi. Waɗanda ke rugowa da gudu yawanci ƙanana ne masu yawo. Suna barbara daga Janairu zuwa Maris, su haihu a Afrilu da Mayu, kuma lokacin ciyar da 'ya'ya ne ɓarnar ke tsananta, daidai lokacin da namu 'yan awakin ke ƙanana.

Saboda haka ka bar yawo da mota kana neman ido a fitila. Bi shinge da safe ka nemo inda suka haƙa suka kurɗa; za ka ga gashi a jikin waya da sawu. Zauna nesa da wurin, iska tana kaɗowa daga gare shi zuwa gare ka, tun kafin rana ta faɗi, ka ba yamma baya idan zai yiwu don sauran hasken ya faɗa kan dabbar ba kan gilashinka ba. Kana wannan kuma kana toshe ramukan, kana kwashe mushe da mabiyiya daga fili, kana shigar da masu ciki garke kusa da gida da dare. Idan ba ka da karen tsaro, nemi Great Pyrenees ko Anatolian ko Akbash wanda ya tashi cikin dabbobi; wasu suna sa jaka ɗaya, wato macen jaki, a garke, ita ma tana korar duk wani dangin kare. In abin ya fi ƙarfinka, sashen Wildlife Services na ma'aikatar noma yana da ma'aikata a gundumomi da yawa, kuma ofishin malaman gona na gundumarka zai haɗa ka da su.